Tsakuwar Kada Mai Ƙin Rabuwa

Ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wani gari ne aka yi fari, rijiyoyi duk suka ƙafe. Ruwa bai rage ko'ina ba sai a tafkin wani tsohon Kada. Sai mutane suka je roƙo. Sai Kada ya turo tulin tsakuwa bakin ruwa, ya ce, "Guda dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya ce. Ku kasa ta kashi-kashi daidai, kar a fasa, kar a yar, kar ko ɗaya ta rage. Wanda ya iya, tafki naku ne. Wanda ya gaza, na riƙe shi a kogona."

Sai Cindo maƙeri ya fito. Ya kasa biyu, saura ɗaya. Ya kasa uku, ya kasa huɗu, saura ɗaya. Sai Kada ya ja shi.

Sai Barmo mahauci ya ce, "Rabo ai aikina ne." Ya kasa biyar, shida, bakwai. Kullum ɗayar nan tana gefe tana kallonsa. Sai Kada ya ja shi.

Sai uwar Cindo, wata tsohuwa mai kasa gauta a kasuwa, sunanta Tasalla, ta ɗaura ɗamara ta zauna. Takwas, tara, goma, saura ɗaya. Sha ɗaya, saura biyu. Kwana uku tana yi har ta kai kashi hamsin, kullum da saura, maƙoshinta ya bushe, yatsunta suka saɓule.

Kada ya ce, "Iya, ki taso mu tafi."

Ta ce, "Tsaya, ɗan nan. Na gane ta. Wannan adadin ba ya rabuwa da kowa, sai da ɗaya, sai da kansa. Ka faɗi yawan kashin da za a yi?"

Ya ce, "Ban faɗa ba."

Sai ta yi kira, gari ya taru. Aka jera tsakuwa ɗai-ɗai a bakin tafki, har layi ya zagayo. Ba wadda ta rage.

Kada ya bugi ruwa da wutsiya. "Guda ɗaya ai ba kashi ba ce!"

Tasalla ta yi dariya. "Ashe ba ka zuwa kasuwa. Ranar tsada, gauta guda kashi ce, kuma a saya ana godiya."

Mata suka ce, "Wallahi haka ne!"

Sai Kada ya nutse cikin kogonsa. Ya fito da Cindo da Barmo, duk sun yi dumu-dumu da laka. Tasalla ta shafa kan ɗanta, ta sauke numfashi, ta ce, "Yanzu a ba ni ruwa." Aka miƙa mata ƙwaryar farko.

To, kun ji. Abin da ya ƙi rabuwa da ƙarfi, a san halinsa tukuna.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya shige rami.