Kauci a Reshen Ɗorawa

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse, sunansa Dogara. Mutum ne mai taushin zuciya, ba ya son ganin an taɓa abu mai rai. Ko kaza za a yanka a gidansa, sai ya nemi aikin da zai fitar da shi waje.

A bayan ƙauyen akwai daji na kowa da kowa, mai ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da marke. Nan mata suke samun kalwa da 'ya'yan kaɗanya, nan maza suke yankan ciyawar jinka. Amma gatari da gobara suka yi ta cin dajin, har ya zama wanda ya tsaya a wannan gefe yana hango wanda ke wancan. Da mutanen ƙauyen suka ga haka, sai waɗansu suka ce za su riƙa kula da shi da kansu, ba tare da kowa ya biya su ba. Dogara ne ya fara ɗaga hannu.

Wani dattijo mai suna Baba Filibus, wanda ya tsufa cikin aikin itatuwa, shi ya koya musu. Ya nuna musu yadda za su share ciyawa kewaye da dajin da zarar damina ta ɗauke, don in wuta ta taso ta rasa abin ci ta mutu a bakin shara. Ya nuna musu yadda za su kewaye ƙananan itatuwa da ƙaya saboda awaki, da yadda za su jera duwatsu a gangare don ruwa ya rage gudu, kada ya kwashe ƙasa. Daga ƙarshe ya kai su gindin wata kaɗanya, ya nuna musu wani curin ganye da ke maƙale a reshe.

Ya ce, “Wannan kauci ne. Ba ya da saiwa a ƙasa, a jikin itace yake kafa tasa, yana shan ruwan da itacen ya wahala ya jawo. In kun gan shi, ku duba inda reshen ya kumbura, ku koma baya kamar taki ɗaya, ku sare da adda mai kaifi. Ku sare a karkace, don kada ruwan sama ya kwanta a wurin ya ruɓar da shi.”

Aka raba dajin, kowa da yankinsa. A yankin Dogara akwai wata babbar ɗorawa da ta fi kowace girma, wadda tun kaka da kakanni aka bar wa gwauraye, wato matan da mazansu suka rasu, 'ya'yanta. Da kalwarta suke yin daddawa su ciyar da gidajensu.

Dogara ya riƙe aikin hannu bibbiyu. Shararsa ta fi ta kowa faɗi, duwatsunsa sun jeru kamar haƙora, ko akuya ɗaya ba ta taɓa cin tsiro a yankinsa ba. Da rani ya yi, ɗorawar ta zubar da ganye, sai ya ɗaga kai ya ga wani curi kore shar a reshe guda, da jajayen furanni gwanin kyau. Ya san kauci ne. Ya hau da addarsa, ya sami kumburin, ya ɗora kaifin a kan reshen. Amma reshen lafiyayye ne, mai kaurin cinyar mutum. Sai hannunsa ya ƙi.

Ya ce a ransa, “Don in tsare itatuwa daga sara na shigo wannan aiki. Yaya ni da kaina zan sari wannan?” Sai ya rataye addar, ya tsinke ganyen kaucin da hannu ɗaya bayan ɗaya, har ba a ganin komai. Ya sauko da farin ciki.

Da damina ta zagayo, kaucin ya sake tohowa, har ya fi na da yawa. Dogara ya sake hawa ya tsinke. Baba Filibus ya zo wucewa, ya tarar da ganyen a zube a ƙasa.

Ya ce, “Ɗana, aski kake yi masa. Gashi kuwa in an aske, sai ya sake fitowa.”

Dogara ya amsa ya ce, “Baba, ɗan kaɗan ne. Ɗorawa mai girma haka ba za ta rasa ruwan da za ta ba shi ba. Kuma an ce kauci magani ne.”

Dattijon ya dubi reshen, ya dubi Dogara. Ya ce, “Yau reshe ɗaya take nema a wurinka.” Sai ya kama hanyarsa.

Shekaru suka shuɗe. Wani lokaci aikin gona yakan riƙe Dogara, kafin ya hau ya tsinke, kaucin ya riga ya yi 'ya'ya. Tsuntsaye suka riƙa cinsu, suna goge bakinsu a wasu rassan, irin mai danƙo yana maƙalewa. Daga nesa ɗorawar ta fi kowane itace a dajin duhun ganye, har baƙi sukan yaba. Dogara yakan ji daɗin yabon, ko da yake ya san ganyen ba nata ba ne.

Ana nan, wata bazara, lokacin ɗibar ɗorawa, yana gyaran duwatsu a gangare, sai ga wata gwauruwa mai suna Saraya ta zo da kwando da doguwar gora mai ƙugiya. Mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara. Ta yi ta zagaya itacen tana ɗaga kai, tana saƙala gorar nan da can. Da rana ta take, ta sauke kwandon, abin da ke ciki ko gindinsa bai rufe ba.

Ta ce, “Sannu da aiki, Baban Godiya.” Da sunan 'yarsa ta fari ake kiransa.

Ya ce, “Yauwa, sannu. Yaya bana?”

Ta yi ɗan murmushi ta ce, “Mun gode Allah. Ga ganye kam ba laifi, sai dai yara ba sa cin ganye.” Ba da faɗa ta faɗa ba, don ba ta ma san dalili ba. Ta ɗauki kwandonta ta tafi.

Dogara ya tsaya da dutse a hannu har ta ɓace. Sa'an nan ya shiga ƙarƙashin itacen ya duba sosai, irin duban da ya daɗe yana gudu. Rassan sama sun bushe. Kumburi ya cika ko'ina. Kusa da ɗorawar kuma wata ƙaramar kaɗanya ta yankin maƙwabcinsa ta mutu a tsaye, kauci ya rufe ta.

Washegari ya wasa gatarinsa ya tafi gidan Baba Filibus. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, “Baba, zo ka nuna mini inda zan sara.” Dattijon bai tuna masa da gargaɗin da ya yi masa a baya ba. Ya ɗauki sandarsa kawai, ya aika a kira sauran masu aikin.

Dogara ne ya hau. Baba Filibus yana ƙasa yana nunawa da sanda, “Wancan. Koma baya kaɗan. Yauwa, nan.” Kowane reshe ya faɗi, sai Dogara ya ji kamar a jikinsa. Kafin yamma rabin ɗorawar yana ƙasa. Suka janye rassan nesa, suka ƙone kaucin, suka raba itacen girki ga gwaurayen.

Ɗorawar ta tsaya tsirara, ba kyan gani, ba wanda ya ƙara yaba ta. A shekarar da ta biyo baya ba ta ba da komai ba, sai sauran masu aikin suka bar wa gwaurayen 'ya'yan itatuwan yankunansu. Amma saiwarta tana da rai. A gefen kowane sara sababbin rassa suka fito, ganyensu nata ne na kanta. A kwana a tashi ta yi fure, ta yi 'ya'ya, mata suka koma ɗiba. Kaɗanyar nan kuwa ba ta tashi ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Ɗorawa ita ce rayuwar da Allah ya damƙa wa kowannenmu, ba kuwa domin kanmu kaɗai ba, akwai masu jiran 'ya'yanta. Kauci shi ne zunubin da muka saba da shi har muka daina jin tsoronsa: gaba da ɗan'uwa, ƙaramar ƙarya, gulmar da muke kira hira. Sau da yawa yana da kyan gani, har mutane su yaba mana a kansa. Ku lura, Dogara ba rago ba ne. Mutum yana iya zama na fari a sujada, na fari a aikin gayya, amma akwai reshe ɗaya da ba ya yarda a taɓa.

Tsinke ganye shi ne mu ji kunya ran Lahadi, mu koma ran Litinin. Tuba ta gaskiya takan kai ga reshe: hanyar da za ka daina bi, abokin da za ka rabu da shi, ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ka ce, “Na yi maka laifi.” Akwai zafi. Amma Ubangiji ba ya sara don ya kashe, kuma ba ya barinmu mu hau mu kaɗai. Ya ba mu dattawa da 'yan'uwa masu faɗa mana gaskiya, kada mu ji haushinsu.

Ga mai tuba akwai gafara ko da ya makara, sai dai jinkiri yana da hasara, wani lokaci kuwa maƙwabci ne yake ɗaukarta. Saboda haka kowa ya shiga ƙarƙashin itacensa a wannan mako, ya ɗaga kai ya duba da gaske. In ka ga kumburi, kada ka jira bazara.