Allon Bango Mai Gaisuwa

Pyo Deok-man maƙwabcina ne a garin Chuncheon mai tsananin sanyi, kuma na gaji da ba shi shawara tun kafin furfura ta fito mana. Ba mugu ba ne. Cutarsa ɗaya ce: duk abin da baƙo ba zai gani ya yaba ba, Deok-man ba ya sa hannu a aljihu saboda shi.

Ya daɗe yana roƙon mahaifiyarsa ta bar ƙauye ta dawo wurinsa. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ba ta hawa gado, a daɓe take kwana. Daga ƙarshe ta yarda, da sharaɗi ɗaya: daɓen ɗakinta ya kasance da ɗumi.

Sai ya sayo sabon injin da ke tura ruwan zafi cikin bututun ƙarƙashin daɓe. Mai haɗawa ya ce akwai ƙarin abubuwa ga mai so. Akwai allon bango mai magana da muryar mace. Ana kuma iya naɗe bututun da ke waje, ta bayan ginin, da soso da waya mai ɗumi, don kada ruwan ciki ya daskare.

Matarsa Hye-suk, uwar 'yarsu Eun-bi, ta ce, "Baban Eun-bi, a naɗe bututun nan. Ta bayan ginin iskar dutse take bugowa."

"Wa zai zagaya can ya ga soso? Kyanwa?"

"To allon ne zai gasa wa Mama gwiwa?"

"Ke dai ba ki san ci gaba ba."

Allon ya zaɓa. Duk wanda ya shigo sai an tsayar da shi a gabansa. Ni kaina an gaishe ni har muryar ta ishe ni.

Da bikin Sabuwar Shekara ya zo, suka shirya zuwa ƙauye su yi gaisuwa, su taho da tsohuwa. Hye-suk ta bar famfo yana ɗiga don kada ruwa ya daskare, kamar yadda kowa yake yi a nan idan zai bar gida da sanyi. Deok-man ya koma ya murɗe shi, ya kashe injin, wai gidan zamani ba ya buƙatar dabarar mutanen da.

A bayansu aka yi sanyin da ya daskarar da kogi.

Da rana suka dawo, na fito na taya su ɗaukar tulunan tsohuwa. Ana buɗe ƙofa allon ya ce, "Barka da dawowa gida." Tsohuwa ta cire takalmi, ta durƙusa da ƙyar, ta ɗora tafin hannunta a kan daɓe. Ta daɗe a haka. Ruwa ya daskare, bututu ya fashe, daɓen ya yi sanyi kamar dutse.

Deok-man ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, yanzu zan kira mai gyara."

Tsohuwa ta dubi allon bangon ta ce, "Yarinyar nan taku akwai ladabi. Amma ni ba gaisuwa na zo ji ba." Sai ta juya wajen surukarta. "Kada ku kwance kayan nan. Kira min Ok-ja."

Ok-ja ƙanwar Deok-man ce. Ta zo ta ɗauke ta, kuma har yau tsohuwa tana wurinta. An fasa daɓen an gyara, an naɗe bututun, ɗakin yana da ɗumi, babu kowa a ciki. Na tausaya masa, duk da haushinsa da nake ji. Rannan na leƙa, na tarar ya rufe allon da tawul.

Darasin shi ne, idan za ka ƙara wani abu a gidanka, fara da wanda zai kare mutanen ciki, ko da ba wanda zai gan shi. Baƙo zai yaba ya tafi abinsa, amma wanda kake so ya zauna, da hannunsa zai taɓa ya ji.