Ƙaguwar da Baba Katung Ya Ɓare da Hannunsa

Akwai wani dattijo a Beltsville ta jihar Maryland da ake kira Baba Katung. Mutumin Zonkwa ne, ya yi shekara ashirin da shida a Amurka yana aiki a wani kamfanin gine-gine. Ba mugu ba ne, kada ku ce na ce. Baƙi nawa suka sauka a gidansa suka ci suka sha har suka tsaya da ƙafarsu. Aibinsa guda ne: in ya faɗi magana to ta zauna, kuma duk wanda ya gyara masa zance ya yi masa rashin kunya.

Shi ne shugaban ƙungiyar mutanen Kudancin Kaduna na yankin. Kowace shekara in watan Yuli ya kama, sukan haɗa motoci su tafi bakin teku da iyalansu, su yi wanka, su ci abinci, su dawo da yamma.

A wannan shekarar bakin Baba Katung ba ya rufuwa. Ɗansa guda, Clinton, ya auri Martina, wata 'yar Kagoro da ta zo karatu College Park, kuma ga ta da cikin wata biyar. Jikan fari ke nan. Duk wanda ya tsaya gaisawa da shi a coci sai ya ji labarin cikin nan, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Sai dai Martina tana da lalura. Jikinta ba ya karɓar ƙaguwa da jatan lande da danginsu. A shekararta ta farko a Amurka ta ɗanɗana sau ɗaya, leɓenta ya kumbura, numfashinta ya yi nauyi. Likita ya gargaɗe ta cewa karo na gaba zai iya fin wannan muni, ya ba ta wata allura da take yawo da ita a jaka. Kowa a gidan ya sani, har da Baba Katung. Ya dai ji ne da kunne, bai taɓa yarda ba.

Ranar wata Lahadi bayan an tashi daga coci aka taru a falonsa don zaɓen wurin zuwa. Loveth, ƙanwar matarsa, nas ce a wani asibiti a Virginia. Ta zo da wayarta a hannu, ta riga ta yi bincikenta.

"Baban Clinton, ni dai ga shawarata," in ji ta. "Mu je babban bakin tekun da muka je bara. Akwai masu tsaron ruwa, gidajen abinci sun fi ashirin a jere, kowa ya ci abin da yake so. Asibiti kuma minti goma ne."

Baba Katung ya yi dariya. "Asibiti? Hutu za mu je ko jinya?"

Shi ya riga ya zaɓi nasa wurin. Wani Bature abokin aikinsa ya taɓa kai shi wani ɗan bakin ruwa can bayan babbar gada, a ƙarshen wata siririyar hanya da ta ratsa gonakin masara. Ba cunkoso, ba hayaniya. Gidan abinci ɗaya ne tak a wurin, kuma ƙaguwa kawai suke sayarwa. Su shimfiɗa takarda a kan tebur, su juye ta zafi-zafi da yaji, su ba ka 'yar guduma ta katako ka yi ta fasawa. Tun ranar yake son ya kai mutanensa, su ga cewa shi ya san wuraren da ba kowane baƙar fata ya sani ba.

"To Martina fa?" Loveth ta tambaya. "Me za ta ci a gidan ƙaguwa? Mace mai ciki za ta wuni da yunwa?"

"Wannan allergy ɗin naku ciwon Turawa ne," ya ce. "Mu da muka tashi muna cin fara da gyare, wa ya taɓa kumbura? Yarinya ta zo Amurka likitoci sun tsorata ta."

"Na ga mutum ya mutu da wannan abin a hannuna, Baban Clinton. Ba labari aka ba ni ba."

"Loveth, ni na ɗauko ki a filin jirgi kina rawar sanyi, ko rigar sanyi ba ki da ita. Yau ke ce za ki koya mini Amurka?"

Loveth ta sa wayarta a jaka, ta ce Allah Ya kiyaye hanya, ita za ta karɓi aiki a ranar. Sauran mutanen kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Da yawansu sun san gaskiyarta, amma a gidan mutumin nan suka fara kwana a ƙasar nan, wa zai buɗe baki?

Clinton ya sami mahaifinsa a kicin bayan an watse. A nan ƙasar ya girma, Hausarsa a karye take, amma ya yi ƙoƙari.

"Daddy, please. Abin nan ba wasa ba ne. She can't eat it."

"Wa ya ce dole ta ci? Ta zo ta sha iska. Ka daina yi mini magana kamar ni ne ɗanka."

Ranar Asabar motoci bakwai suka ɗauki hanya. Cunkoson gada kaɗai ya ci musu fiye da awa guda, rana kuma tana dukan kai. Da suka isa, wurin ya yi kyau, ba ƙarya. Ruwa a kwance, yashi fari, ba kowa sai su. Baba Katung ya tsaya hannu a ƙugu yana karɓar yabo, ransa fes.

Wajen ƙarfe biyu yunwa ta kora kowa gidan abincin. Clinton ya duba takardar abinci daga sama har ƙasa. Hatta dankalin a man da ake soya jatan lande ake soya shi. Biskit ɗin da Martina ta taho da shi ya ƙare tun a gada, ga shi ta fara jin jiri. Mai gidan abincin ta ce akwai wani shago a gidan mai, tafiyar minti ashirin. Clinton ya zaunar da matarsa a can ƙarshen tebur, ya ce kada ta taɓa komai, ya ja mota ya tafi. Cikin sauri babu wanda ya tuna cewa jakarta tana kujerar baya.

Aka juye ƙaguwa. Guduma ta fara aiki, ana ta dariyar waɗanda ba su iya fasawa ba. Baba Katung yana zagaye tebur yana koyarwa, sai idonsa ya faɗa kan surukarsa. Tana zaune da kofin ruwa, hannu a kan ciki, fuskarta ta yi fayau. Tausayinta ya kama shi, wannan gaskiya ne. Amma tare da tausayin akwai wani abu kuma. Yana so a koma gida a gaya wa Loveth cewa yarinya ta ci, kuma ba abin da ya same ta.

Ya zaɓi ƙaguwa mafi girma, ya zauna ya ɓare ta da hannunsa, ya tara tsokar a kan ɗan faranti. Ya ɗauka ya kai gabanta.

"'Yata, ungo. Jikana yana jin yunwa."

Martina ta ɗan rusuna daga zaune. "Na gode, Baba. Clinton yana kawo mini abinci."

"Clinton ya fi ni ne? Ni na ɓare da hannuna."

"Baba, likita ya ce..."

"Likita ne ya biya sadakinki?" Aka yi dariya. Shi ma ya yi, sannan ya sassauta murya. "Da mahaifinki ne ya miƙo miki, za ki mayar masa? Ko ni ban kai uba ba?"

Ku da kuka tashi a gida kun san nauyin wannan maganar. Martina wata bakwai kacal da aure. Ranar da za a kai ta, mahaifiyarta ta yi mata magana ta waya daga Kagoro, ta ce duk abin da za ta yi kada ta kunyata uban mijinta a gaban mutane. Ga mutum talatin sun zuba mata ido. Wata tsohuwa a gefenta ta taɓa ta da gwiwar hannu ta ce, "Ɗan taɓa mana, ba a mayar da hannun babba."

Ta ɗauki 'yar tsoka, ba ta kai kan yatsa ba. Ta sa a baki ta haɗiye da ruwa. Aka yi tafi.

"Kun gani ko?" in ji Baba Katung. Ya koma kujerarsa yana murmushi.

Ba a yi minti biyar ba ta fara tari. Ta kama wuyanta. Kafin a ankara leɓenta da idanunta sun kumbura, numfashinta yana fita da wani irin sauti kamar ana hura tsohuwar sarewa. Ta nuna gefenta tana neman jaka, babu jaka. Sai ta sulale daga kan benci.

Wuri ya rikice. Wannan na cewa a ba ta manja, wancan na cewa a ba ta madara, mata sun kama addu'a da ƙarfi. Mai gidan abincin ce ta kira motar asibiti, aka ce mata motar tana fitowa daga wani gari, sai sun ɗan jira. Aka kira Clinton, sau uku wayar ba ta shiga ba, don wurin ba sabis sosai. A na huɗu ya ɗauka.

Baba Katung yana tsaye, yajin ƙaguwa a yatsunsa, ya kasa matsawa kusa ya kasa ja da baya. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya kama shi. Yana ta cewa, "Kaɗan ta ci fa, kaɗan ne," amma ba mai sauraronsa.

Clinton ya riga motar asibiti isowa. Ya fito da gudu da jakar, ya zazzage ta a ƙasa, ya caka mata allurar a cinya. Numfashinta ya ɗan dawo, amma ta jima a sume kafin nan. Daga wurin zuwa asibiti mafi kusa tafiyar minti arba'in ce.

Likitoci sun ceto Martina. Cikin ne ba su iya cetowa ba. Sun ce jininta ya faɗi ƙasa sosai na tsawon lokaci, abin da ke ciki bai samu iska ba. Namiji ne.

Washegari da safe Loveth ta iso asibitin da kayan aikinta a jiki, ko gida ba ta biya ba. Ta ga Baba Katung zaune a baranda, har yanzu da gajeren wandon bakin ruwa. Ya ɗago yana jiran ta zage shi, ya ma fi son ta zage shi. Sai kawai ta wuce ciki.

Sai can da hantsi Clinton ya fito. Bai kalli mahaifinsa ba. Ya ce, "She wants to see you," wato Martina tana son ganinsa, ya juya.

Baba Katung ya shiga. Ya kwana yana shirya abin da zai faɗa, ya shirya durƙusawa ma in ta kama. Martina tana kwance, robar iska a hancinta, fuskar ba ta gama sacewa ba. Da ta gan shi sai ta yunƙura za ta tashi ta gaishe shi, Loveth ta danne kafaɗarta.

Muryarta a dishe ta ce, "Baba, ina kwana. Ka yi haƙuri, na ɓata muku tafiya."

Da ta zage shi, da ya samu abin riƙewa. Dattijon nan ya dafa ƙarfen gado, ya zube a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Clinton yana tsaye a bakin taga, bai zo ya ɗaga shi ba.

Kafin ƙarshen watan Agusta Clinton ya kwashe matarsa suka koma wata jiha mai nisa. Martina takan kira surukinta ranar Lahadi ta gaishe shi. Ɗansa ne har yau bai karɓi wayar ba.

Darasi: Girman da ake ba ka amana ce, ba sanda ba ce. Akwai mutanen da ba za su iya ce maka a'a ba ko da ransu ne a kai, don haka kai ne za ka ji tsoron abin da kake tilasta musu. In mai ilimin abu ya gargaɗe ka, saurara, ko kai ka goya shi. In mutum ya ce jikinsa ba ya karɓar wani abinci, ka yarda da shi, ba raini ba ne. Mu kuma masu zama a tebur mu yi shiru don kunya, da mu aka yi. Ku tura wannan ga iyayenmu da shugabannin ƙungiyoyinmu kafin a fara shirin tafiyar bana.