Maigidan Da Ya Sauko Da Busta Falo

A wani ƙauye da ke cikin kwari, duwatsu gabas da yamma, an yi wani maigida. Ba zan faɗi sunansa ba, don kada wani ya ce da shi nake. Dattijo ne a ikkilisiya, manomi ne mai ƙwazo, ba ya shan giya, ba ya fashin sujada. Aibinsa guda ne: duk abin da ya shiga hannunsa, ba ya jin daɗinsa sai mutane sun gani sun yaba. Idan ya yi sabon takalmi, ranar Lahadi shi zai ɗauki farantin baiko, ya zaga majami'a a hankali har layin yara.

Mahaifiyar mutumin nan tana da rai, sunanta Afiniki. Shekara talatin ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta ƙauyen. Ba ta yi karatu ba, amma rabin waƙoƙin da matan suke rerawa daga bakinta suka fito, tana daka ko tana tsinkar kuɓewa. Da tsufa ya zo, gwiwoyinta suka ƙi, majami'ar kuwa a kan tudu take. Shekara uku ke nan ba ta taka can ba.

A shekarar nan matan ƙauyen suka tafi babban taron zumunta a birni, suka ba da waƙar da Afiniki ta tsara ta ƙarshe kafin ta zauna, mata fiye da ɗari uku suka ɗauki amshi. Mutanen gidan talabijin suka ɗauki taron. Matan suka dawo mata da albishir cewa za a sa shi ranar Lahadi ta biyu, ƙarfe huɗu na yamma, a talabijin da rediyo, shiri na rabin awa, sau ɗaya kawai, kuma waƙarta ce za ta rufe shirin. Tsohuwar ba ta taɓa jin waƙarta a bakin mutane sama da ashirin ba. Daga ranar ba ta da wata magana sai wannan.

Amma akwai matsala. A unguwar duka, gidan maigidan nan ne kaɗai mai talabijin, eriyarsa tana ɗaure a kan doguwar gora bayan ɗaki. Saboda duwatsun nan, hoto ba ya fita sai yayyafi, murya kuwa kamar an zuba ƙullun ƙosai a tafasasshen mai. Rediyo ma ba ya kama tashar. Da ƙanwar maigidan da ke aiki a birni ta ji, sai ta sayi busta, wato 'yar na'urar da ke ƙara wa eriya ƙarfi, ta haɗa ta da wani mai gyaran rediyo mai suna Gidiyon, ta turo shi ƙauyen.

Da aka buɗe kwali, idon maigidan ya faɗa kan bustar. 'Yar akwati ce ruwan azurfa, da rubutu a jikinta, da 'yar fitila koriya. Nan take ya share mata wuri a kan teburin falo. Gidiyon ya ce a'a, ba nan ne wurinta ba, abin da zai zauna a ɗaki ɗan baƙin abin da ake sawa a wuta ne kawai, ita kuwa can sama za ta tafi, dab da eriya. Maigidan ya sha kunu. Ya tambaya ko a birni haka ake yi, a sayi abu mai kyau a miƙa wa rana da ƙadangaru. Gidiyon, mutum mai furfura a gemu, bai yi fushi ba. Ya bayyana masa cewa saƙon tasha yana isowa kan eriya ne a gajiye, kuma kafin ya bi doguwar wayar nan ya iso ɗaki ya kusan mutuwa, ƙara ta rufe shi.

"Maigida," in ji shi, "busta ba ta da hankali. Abin da ta tarar, shi take ƙara wa ƙarfi. A sama za ta tarar da saƙo. A nan ƙasa ƙara za ta tarar."

Aka sauke gorar. Gidiyon ya ɗaure bustar ƙarƙashin eriya, ya naɗe mahaɗar wayoyin, ya yanka gindin tsohuwar jarka ya kifa mata saboda ruwan sama. Aka ɗaga gorar, ya juya ta sannu sannu har ta fuskanci gibin da ke tsakanin duwatsun. Duka aikin bai wuce minti goma sha biyar ba. Aka tayar da janareta, aka kunna talabijin, hoto ya fito tar. Aka jona rediyo, shi ma ya kama. Afiniki ta yi ta dariya, tana cewa har numfashin mai karanta labarai tana ji. Ta sa wa Gidiyon albarka, ya hau babur ya koma.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba ni da abin ɓacin rai. Amma a makon nan maƙwabta suka yi ta shigowa kallo. Wani ya ce gidan talabijin ne suka gyara kayansu. Wani ya ce ai damina ta wuce, shi ya sa. Ba wanda ya ambaci busta, domin ba wanda ya gan ta. Wanda ya ɗaga kai, gindin jarka zai gani. Abin nan ya ci maigidan a rai har abinci ya daina yi masa daɗi. Ga shi ya riga ya gayyaci dattawan ikkilisiya da matan zumunta su zo kallo ranar Lahadi.

Ranar Asabar da safe ya sauke gorar shi kaɗai. Mahaifiyarsa ta jiyo motsi daga ɗaki, ta tambaye shi abin da yake yi da eriyar. Ya ce mata gyara yake yi. Ku ji fa, dattijon ikkilisiya, ya yi wa tsohuwar da ta haife shi ƙarya a kan abin da ya san shi kaɗai ta sa rai a kai. Ya kwance bustar, ya murɗe wayoyin da hannu ya ɗaure da leda, ya mayar da gorar. Ya goge 'yar akwatin da gefen rigarsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya ɗora ta, ya jona ta bayan talabijin. A ransa ya ce waya ɗaya ce, ko sama ko ƙasa duk ɗaya, masu gyara dai sun iya cika baki. Bai ma gwada ba, wai yana tattalin man janareta.

Lahadi da yamma falo ya cika har ƙofa. Mata biyu suka ɗauko Afiniki a kujerarta, ta sha zanen zumunta da ɗankwalinsa, waɗanda suka shekara uku a akwati. Maigidan kuwa ya sha babbar riga, ya tsaya kusa da tebur yana yi wa dattawa bayanin busta kamar shi ya ƙera ta. Suka taɓa, suka jinjina kai, suka ce lallai gidan nan ya ci gaba. Bakinsa har kunne.

Ƙarfe huɗu aka kunna. 'Yar koriyar fitilar ta kama, kyakkyawa da ita. Talabijin kuwa ya ɗauki ƙara wadda ta fi ta dā, hoto ya zama inuwoyi masu rawa cikin yayyafi. Aka gwada rediyo, haka. Afiniki ta karkata kai ta tambaya ko sun fara.

Wata daga cikin matan, wadda take nan ranar da Gidiyon ya yi aikin, ta ce ai ba nan mai gyaran ya sa abin ba, a mayar da shi sama tun da sauran lokaci. Gaskiyarta kuwa, akwai lokaci. Waƙar tana ƙarshen shiri, aikin kuma na minti goma sha biyar ne, ga maza cike da ɗaki. Da ya buɗe baki ya ce na yi kuskure, ku zo mu sauke gora, da an gama. Amma ina! Ya hau dokin naƙi. Ya ce daga tasha ne. Ya ƙara murya, ƙarar ta ƙaru. Ya bugi talabijin a gefe. Ya ce Gidiyon ya yi masa aikin banza, ya ce ƙanwarsa ba ta iya sayen kaya ba, ya ce iska ce. Kowa ya sami rabonsa na laifi sai shi. Dattawan da suka gama yabo suka yi tsit, ba wanda ya so ya kunyata maigida a gidansa. Su ma ina jin haushinsu, domin sun ga kunyar mai babbar riga, ba su ga tsohuwar da ke zaune tana murza bakin zanenta ba.

Sai da minti ashirin suka wuce, sa'an nan mahaifiyarsa ta yi magana, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Ka ce mini gyara kake yi."

A nan ne ya daina musu. Ya fizge bustar ya fita, maza suka bi shi suna naɗe riguna. Aka sauke gora, aka kwance leda, aka ɗaure bustar, aka ɗaga, aka juya. Hoto ya fito tar. Ga mata ɗari uku cikin zane iri ɗaya, suna tafi, suna komawa kujerunsu. Mai gabatarwa ya yi godiya ya yi sallama.

Matan da ke falon, su takwas, suka ce bari su rera mata a nan. Ta ɗaga hannu.

"Na san muryoyinku, 'ya'yana. Na waɗancan nake so in ji. Ku mai da ni ɗaki."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan, kuma ba zan sa masa zuma ba. Saƙon da ke zuwa daga bayan duwatsu Maganar Allah ce. Bustar kuwa ita ce duk wata baiwa da Ubangiji ya sa a hannunka, ko addu'a ce, ko murya, ko ilimi, ko muƙami a ikkilisiya, ko ɗan abin hannu. Ba kai ka yi ta ba, aiko maka aka yi, kuma domin wani aka aiko. Wurin aikinta kusa da Ubangiji ne, a ɓoye, inda ba mai tafa maka. Sau da yawa ma gindin jarka ne a kanta, ba kyan gani. A can take ƙara wa Magana ƙarfi har ta isa kunnen marar ƙarfi. Ranar da ka sauko da ita falo don ganin ido, ba za ta daina aiki ba, fitilarta za ta ci gaba da ci, amma abin da ta tarar a ƙasan shi za ta ƙara wa ƙarfi: girman kanka, da son yabonka, da surutunka. Shi ya sa za ka ji mutum ya yi addu'a ta minti goma sha biyar a gaban jama'a, murya har bakin hanya, amma marar lafiyan da aka ce a yi wa addu'ar bai ji sunansa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda yake shan wahalar. Maigidan ya sami yabonsa, ko da na rabin awa ne. Tsohuwa ce ta yi hasara. Haka yake a tsakaninmu. Muna da masu ziyara da ba sa zuwa gidan marar lafiya sai idan za a faɗa a sanarwa. Muna da masu murya da ba sa waƙa a jana'izar talaka, amma ranar bikin mai hali su ne a gaba da sabon ɗinki. Waɗanda aka ba ku baiwar dominsu suna ɗakunansu, ba sa iya hawa tudun nan, kuma ba za su kai ƙararku ko'ina ba.

Sa'an nan ku lura, sauko da bustar bai isa ya hana ta jin waƙar ba. Minti ashirin ɗin nan ne suka hana, waɗanda ya ɓata yana kare kansa, da shirun waɗanda suka ga gaskiya suka ƙi faɗa don kada ran babba ya ɓaci. Idan an nuna maka kuskurenka yau, yau za ka ce na yi kuskure. Kada ka tsaya neman wanda za ka ɗora wa, domin agogo ba ya jiran ka gama wanke kanka. Kai kuma da kake gefe kana gani, shirunka ba ladabi ba ne.

Kada wani ya fita daga nan yana cewa ai Allah mai gafara ne. Mai gafara ne ƙwarai, ni ma a kan wannan nake tsaye. Maigidan nan ya durƙusa gaban mahaifiyarsa da hawaye, ta yafe masa, domin uwa ce, kuma na gaskata Ubangiji ma ya yafe masa. Bustar tana kan gora har yau, hoto yana fita lafiya. Amma har Afiniki ta koma ga Ubangiji ba ta ji waƙarta a bakin matan nan ba.