Ko Uwata Sai In Kwantar A Kanta

An yi wani mutum a nan cikin birnin Katsina, mai sayar da katifu a wajen Ƙofar Kaura. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi.

Mutumin nan Allah ya ba shi baki. In ka shiga shagonsa, kafin ka gama gaisuwa ya fara karanta maka karatun katifa. Yakan ce abu uku ake dubawa: daɗin kwanciya, da ƙarko, da kuma ko ta ci kuɗinta. Ya nuna maka mai laushi ya ce mai ciwon baya ya guje ta. Ya nuna maka mai arha ya ce araha ba ta ado, shekara guda za ta koma tabarma. Duk gaskiya yake faɗa, ya 'yan uwa, kuma a nan haɗarin yake. Sai ya cika ka da gaskiya har wuya, sannan ya ja ka ƙuryar shago, ya dafa wata mai kauri, inci goma sha biyu, mai yadi ruwan zuma, ya ce wannan ita ce lamba ɗaya.

Ita wannan lamba ɗaya ba daga kamfani take fitowa ba. A wani kango yake haɗa ta a Kambarawa, shi da telolinsa. Gefe huɗu sai ya jera soso na gaske, mai ƙarfi, faɗin tafin hannu biyu. Sama da ƙasa ya shimfiɗa siririn soso mai taushi. Tsakiya kuwa, inda bayan ɗan Adam zai sauka, sai ya cusa guntayen soso da kwali da tsummokaran teloli, ya bi da gam, ya ɗinke, ya naɗe a leda tana sheƙi.

To me ya sa ba a kama shi? Saboda ya san mu. Wa ya taɓa ganin dattijo ya cire hula ya miƙe a kan katifa a bakin titi? Wace matar aure ce za ta kwanta a shago maza na kallo? Kunya ba ta bari. Iyakarmu mu danna gefe da hannu, in mun yi ƙoƙari mu ɗosana a baki-baki, mu ce lallai tana da ƙarfi. Kunyar da iyayenmu suka rene mu da ita, ita ya mayar jari.

In mai saye ya tsaya yana wasi-wasi, akwai kalma ɗaya da yake ƙarasa shi da ita. Ya buga katifar da hannu ya ce, "Wallahi tallahi, Alhaji, wagga ko uwata sai in kwantar a kanta." Wa zai yi musu da mutumin da ya ambaci Allah ya ambaci uwarsa? Sai a biya, a ɗora a a-kori-kura. Bayan wata huɗu ko biyar tsakiyarta ta lotsa, mai ita ya dawo, shi kuma ya ce ai yara ne suke tsalle a kai, ko kuwa gadon ne ba shi da katako isasshe. Shekara bakwai yana haka. Ya yi gida, ya yi mota, yana sahun gaba a masallaci.

Uwar tasa kuwa tana raye. Hajiya Sabuwa sunanta, tana zaune a gidansu na gado a Ƙofar Guga, ƙanwarsa Haulat na kula da ita. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "yayanku". Ba ta yabonsa a gabansa, ba ta kai kukansa wurin kowa. Irin matan dauri ke nan, masu alkunya, waɗanda ƙaunarsu ba ta fitowa ta baki.

Wata ranar Talata yana Legas wajen sarin kaya, hawan jini ya kayar da ita a tsakar gida. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da za a sallame ta daga asibiti, likita ya ce da Haulat a riƙa juya ta a kai a kai, kuma a samo mata katifa mai ƙarfi wadda ba ta lotsawa, don mai doguwar kwanciya in ya nutse a rami fatarsa buɗewa take yi. Haulat ta ce a ranta ai wannan mai sauƙi ne, ɗan gida ke sayar da katifa. Ta karɓi makullin shago a hannun matarsa, ta wuce masu arha, ta wuce na kamfani, ta nufi ƙurya kai tsaye. Sau nawa ta ji yayanta yana rantsuwa a kan wannan? Ita ta ɗauka.

Da ya dawo ya yi sallama ɗakin tsohuwa, abin da ya fara gani shi ne yadi ruwan zuma a ƙarƙashin zanen gado. Ya durƙusa yana gaishe ta, bakinsa na gaisuwa, idonsa na kan katifa. Niyyarsa a wannan lokaci, in ba shi haƙƙinsa, ita ce ya ce a ɗaga ta yanzu-yanzu a sake wata.

Amma ba su kaɗai ne a ɗakin ba. Akwai maƙwabcinsu Alhaji Talle, ya shigo dubiya. Shi Alhaji Talle yana gina masaukin baƙi, kuma wata biyu mutumin nan yana binsa ya sayi katifa talatin, Alhajin yana ja da baya. Sai Alhaji Talle ya nuna gadon da sandarsa ya ce, "Yau kam na yarda da kai. Kullum kana ce mani ko uwarka sai ka kwantar a kanta, na ɗauka zancen 'yan kasuwa ne. To ga shi na gani da idona. Ka haɗa mani talatin ɗin."

Ya 'yan uwa, a nan aka gwada shi. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da tsira, ya haɗiye ta. Ya yi murmushi ya ce, "Ai ni ba na rantsuwa a banza, Alhaji."

A hanyar gida ya yi ta lallashin zuciyarsa. Ya ce ai lamba ɗaya takan kai wata huɗu kafin ta nuna halinta. Ya ce zai sa a ɗinka wata da soso na gaske, a sa mata irin wannan yadi, a musanya ba wanda ya sani. Dabara ce mai kyau, da ya yi ta. Amma teloli na kan aikin talatin, kuma soso na gaske mai wannan kauri zai cinye ribar guda biyar. Ya ce gobe. Da gobe ta zo ya ce bari a kai kayan Alhaji tukuna. Shaiɗan ba ya ce wa mutum kada ka yi alheri, cewa yake yi ba yau ba.

Abin da ya manta shi ne, wata huɗun nan lissafin mai lafiya ne, wanda ke tashi da asuba ya bar katifa ta huta har dare. Hajiya Sabuwa ba ta tashi. Safe da rana da yamma nauyinta na wuri ɗaya. Cikin mako uku siririn soson sama ya mutu, tsakiya ta zurma, kwali da busasshen gam suka dunƙule kamar tsakuwa a ƙarƙashin ƙugunta. Haulat na juya ta, ramin na mayar da ita. Ɓarin da ya shanye ba ya jin komai, amma ɗaya ɓarin yana ji sarai.

Shin ta faɗa? Ba ta faɗa ba. Haulat ta ga tana cije leɓe ta tambaye ta, "Inna, ko shimfiɗar ce ke damunki?" Tsohuwa ta ce da harshenta da ya yi nauyi, "Kayan yayanku ne. Lafiya lau take." Ta gwammace ta kwana a kan tsakuwa da a ce ita ce ta fara kushe hajar ɗanta. Shi kuwa kullum yana zuwa gaisuwa da lemo da ayaba, ya tsuguna daga bakin ƙofa, ba ya iya matsawa kusa da gadon.

A mako na shida Haulat na yi mata wanka ta ga jan tabon da ke ƙugunta ya buɗe ya zama gyambo, wani kuma ya fito a gadon baya. Zazzaɓi ya rufe ta. Aka koma asibiti, likita ya duba ya ce ciwon ya shiga jini. Ya tambaya a kan me take kwana. Haulat ta ce katifa mafi tsada a shagon yayanta. Likita ya ce a je a duba ta.

Haulat ta dawo gida ita kaɗai. Ta jawo katifar tsakar gida, a gaban matan unguwa da suka zo jin yaya mai jiki, ta sa wuƙar yanka albasa ta farke ta daga sama har ƙasa. Kwalin taliya ya zubo, da guntayen atamfa, da ƙullin gam baƙi ƙirin. Yayan nata yana shigowa ya tarar da ita tsaye a kai, wuƙa a hannu, hawaye na zuba. Ta ce, "Yaya, ka sani?" Ya tsaya yana kallon kwalin. Ta ce, "Kwana arba'in kana shigowa kana ganinta a kan wannan. Ka sani?" Ya sunkuyar da kai, kuma wannan ya isa amsa.

Ya ruga shago ya ɗauko ta kamfani, ta gaske, ya kai asibiti a kan motarsa. Ma'aikata suka ce ba a shigo da katifar waje, kuma ma ba katifa take bukata yanzu ba. Ya shiga ya durƙusa a gefen gadonta, ya kama hannunta mai lafiya, ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ya ce, "Inna, ki yafe mani. Don Allah ki yafe mani." Amma tun safiyar ranar harshenta ya ɗauke gaba ɗaya. Ta buɗe ido ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, leɓenta ya motsa, sauti bai fito ba. Bayan la'asar Allah ya karɓi abarsa.

Labari kuwa ya riga gawa isa unguwa. Kafin a yi addu'ar uku, duk mai yadi ruwan zuma a gidansa ya sa reza ya leƙa cikinsa. Alhaji Talle ya sa aka kwaso talatin ɗinsa aka jibge a ƙofar shago, wasu suka biyo da nasu, har tulin ya tare hanya. Shago ya rufe, mota ta tafi, gida ya bi ta. Haulat ba ta sake cin abinci kwano ɗaya da gidansa ba. Yau in ya ce wallahi ana ruwa, sai mutane sun leƙa waje.

Amma duk wannan ba shi ke cinsa ba. Dukiya takan tafi ta dawo. Abin da ke cinsa shi ne motsin leɓen nan. Ya bi malamai a zaurukansu, ya rame, ya yi furfura kafin lokaci, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, me ta ce? Cewa ta yi ta yafe, ko kuwa?" Kowa ya ce masa ya tuba, ya nemi waɗanda ya cuta, ya yi mata addu'a da sadaka, ƙofar Allah a buɗe take. Ya ce ya ji, yana kuma yi. Sannan ya sake tambaya, "To amma me ta ce?" Wannan kuwa babu malamin da ya sani.

Ya 'yan uwa, ba katifa kaɗai ake yi wa gefe mai kyau ba. Mai kwandon da ya sa manyan tumatir a sama, da mai mudun da ya buga gindinsa, da magini mai rage siminti, duk sana'arsu ɗaya. Rantsuwa tana sayar da haja, amma tana cinye albarka. Kuma duk wanda ka cuta, uwar wani ce ko uban wani, ko da ba taka ba ce. Shekara bakwai iyayen mutane na kwana a kan kwalinsa bai ji komai ba, sai da layi ya zo kan tasa.

Kai mai saye, kada kunya ta hana ka bincike. Danna tsakiya, tambayi wanda ya yi shekara yana kwana a kan irinta, kuma in rantsuwa ta yi yawa ka ƙara lura. Kai kuma mai sayarwa, ka cire sunan Allah da sunan mahaifiyarka daga cinikin da ka san cikinsa. In kuwa akwai wani gyara da kake cewa sai gobe, tsakaninka da iyayenka ko tsakaninka da bayin Allah, tashi ka yi shi yau, tun harshen da zai ce na yafe yana iya motsi.

Allah ya jiƙan Hajiya Sabuwa, ya sa ciwon da ta ɓoye ya zama kaffara a gare ta. Allah ya karɓi tuban ɗanta. Allah ya tsare hannayenmu daga algus, ya tsare bakunanmu daga rantsuwar ƙarya, kada ya raba mu da iyayenmu sai suna masu yarda da mu. Allah ya kiyaye mu, amin.