Babur ɗin da Ya Ƙi Rusunawa

Akwai wani mutum, sunansa Irmiya, manomi ne a wani ƙauye da ke can saman dutse. Hanyar garinsu kuwa, sunan hanya kawai ta ci. Ruwan damina ya zaizaye ta, shanu sun tattake ta, duwatsu sun fito mata ta ko'ina. Mota ba ta hawa. Sai babur, sai ƙafa.

Irmiya yana da babur, yana kuma ji da shi. Ba mugun mutum ba ne, kada wani ya fita daga nan ya ce na ce. Ba ya fashin sujada, ba ya cin haƙƙin kowa, gonarsa ta fi ta kowa gyara. Amma taurin kai! Kai, jama'a! In Irmiya ya ce e, ko dattawan ikilisiya duka sun taru a kansa, sai dai su gaji su tashi.

Wata ranar kasuwa ya ɗoro buhun masara biyu ya gangaro gari. Bayan babur ɗin ya yi ƙasa saboda nauyi, yadda dai kowane babur yake yi. Sai wani mai shayi a bakin kasuwa ya ɗaga murya ya ce, "A'a, sannu da ladabi! Irmiya, ga babur ɗinka nan har ya durƙusa yana gaishe mu."

Mutane suka fashe da dariya. Wasa ne fa, wasan kasuwa, wanda shi kansa mai shayin bai kai azahar da shi a zuciyarsa ba. Amma maganar ta tsaya wa Irmiya a rai. Ko kuɗin masara bai tsaya karɓa ba, ya wuce rumfar Zakka makanike, sa'ansa ne, tare suka tashi.

Ya ce, "Zakka, ba na son babur ɗin nan ya sāke rusunawa a gaban mutane."

Zakka ya goge hannunsa da tsumma, ya nuna masa ƙarfen nan mai naɗaɗɗen sifirin da ke gefen tayar baya. Ya ce, "Baban Rahila, wannan ita ce shoka. Aikinta ke nan, ta yi ƙasa ta dawo. In taya ta faɗa rami, ita ke shanye dukan kafin ya kai ga abin da ke sama. Dubi zoben da ke gindinta, hawa biyar gare shi. In kai kaɗai ne, a bar shi a na biyu. In da kaya, a kai shi na huɗu. Ka hau da kayanka, in ta sauka kamar faɗin yatsa uku, daidai ke nan. In ta sauka har ƙarfe ya bugi ƙarfe, ta yi laushi da yawa, sai a ƙara ɗaure ta. In kuwa ta ƙi sauka sam, ta tashi daga shoka ta koma sanda."

Irmiya ya ce, "Sandar nake so. Kai ta na biyar."

Zakka ya kai ta na biyar. Irmiya ya danna bayan babur da hannu biyu, ya ga ya ɗan motsa. Ya ɓata rai ya ce, "Har yanzu tana motsi."

Zakka ya ce, "To, ai don ta motsa aka ƙera ta!"

"A walde ta."

"Ba da hannuna ba," in ji Zakka.

Kun san abin da Irmiya ya yi? Ya tura babur ɗinsa zuwa wurin mai walda a bayan kasuwa, wanda ba ruwansa da tambaya. Aka yanko rodi biyu, aka liƙa su dama da hagu, shoka ta sandare. Irmiya ya hau, ya yi tsalle a kan sirdi, ko gezau. Ya bi ta gaban mai shayi sau biyu don ya gani, mai shayi kuwa yana can yana soya ƙwai, bai ma ɗago kai ba.

Matarsa Damaris ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. Ran Lahadi ya goyo ta zuwa taron zumuntar mata, tun ba su yi rabin hanya ba ta ce, "Baban Rahila, tsaya, bayana zai ɓalle."

Ya ce, "Raki ne kawai. Ni ban ji komai ba."

Gaskiya ya faɗa, bai ji ba. Mai tuƙi a tsakanin tayoyi biyu yake zaune, in kuma ya hango rami sai ya ɗan miƙe a kan ƙafafunsa ya wuce. Wanda ke baya kuwa daidai saman taya yake, bai ga ramin ba, ba shi da abin riƙewa. Daga ranar Damaris ta koma tafiya a ƙafa. Wani mako ya ɗauko ƙwan zabi kwando guda, rabi suka fashe a hanya, ya ce zabin bana ne ba sa yin ƙwai mai ƙwari. Ku ji fa! Zabi ne masu laifi.

To, Irmiya yana da tsohuwa, sunanta Tabita, maginiyar tukwane ce. Duk 'yar da za ta yi aure a zuriyarsu, da randar hannun Tabita take shiga gidan mijinta, haka aka saba tun tana da ƙuruciya. Yanzu tsufa ya zo, yatsunta sun ƙage, hannun yana rawa. Da aka sa ranar auren Rahila, 'yar farin Irmiya, sai tsohuwa ta sa aka haƙo mata yumɓu. Randar da dā take gamawa cikin kwana uku, mako uku ta yi a kanta. Ta ɗora kaɗan, ta zauna ta gasa yatsu a bakin murhu, ta sāke tashi. Da aka fito da ita daga wuta, ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, yadda magina suke gwada aikinsu. Randa ta amsa garau, har ana ji daga zaure.

Tabita ta ce, "Na gode wa Ubangiji. Wannan ce ta ƙarshe, hannun ya gama."

Gidan ango yana can ƙasan dutse. Tsohuwa ta so mata su ɗauki randar a ka da gammo, suna karɓeɓeniya. Irmiya ya ce, "Haba Mama, ina da babur a gida, a ce mata su ɗauki kayan 'yata a ka? Ku yi gaba, zan kawo ta."

Zakka ya ji labari, ya hau dutsen nan takanas da zarton ƙarfe a hannunsa. Ya ce, "Baban Rahila, don girman Allah bari in yanke rodin nan. Ba zai ɗauke ni lokacin shan kunu ba. Ka kai randar, in ka dawo ni da kaina zan raka ka a sāke waldewa."

Irmiya ya ce, "In shiga gidan surukai da babur yana durƙuso? Ka koma da zartonka."

Zakka ya dube shi. Ya juya ya sauka yana girgiza kai.

A nan sai in yi wa Irmiya adalci. Ya yi ƙoƙari. Ya shimfiɗa ciyawa, ya naɗe randar da tsohon bargo, ya ɗaure ta da roba tamau. Ya tafi a hankali, yana kauce wa manyan ramuka, yana sa ƙafa a ƙasa inda gangara ta yi tsanani. Amma hanyar dutse ba ta da wurin da babu dutse. Kowace tsakuwa taya ta taka, dukan ya bi ta rodi ya hau kai tsaye. Yana jin gaf, gaf, gaf a bayansa, yana ce wa kansa ai bargo yana nan.

Ya iso lafiya, bai faɗi ba ko sau ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya sauka ya shafa sirdin babur ɗinsa, ransa fari tas, gama duk nauyin nan bai rusuna ba ko da faɗin farce. Aka kwance bargo, ga randa nan cif, ja wur, ba inda ta ɓantare.

Tabita ta taso tana dogara sanda. Ta shafa bakin randar, ta shafa cikinta, sa'an nan ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Sai aka ji ƙwaf, kamar an bugi busasshen itace. Ta sāke bugawa ta wancan gefen. Haka.

Ta ce, "A zuba ruwa."

Aka zuba bokiti guda. Ba a jima ba wani siririn layi mai duhu ya bayyana daga gindi ya hau har ciki, ruwa ya fara tsattsafowa yana ɗiga a ƙasa.

Irmiya ya ce, "Mama, ban faɗi ba! Allah ne shaidata, ko sau ɗaya ban faɗi ba."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Kai ba ka faɗi ba, babur ɗinka ma bai sunkuya ba. Ita ce ta shanye muku hanyar duka."

Ya ce, "Zan nemo wata a kasuwa, wadda ta fi ta girma."

Tsohuwa ta ɗaga ƙagaggun yatsunta a gaban fuskarsa ta ce, "Waɗannan fa, a wace rumfa za ka samo su?"

Rahila ta durƙusa ta rungume randar da kayan aurenta a jiki, ta ce, "Kaka, bari, zan riƙa zuba dawa a ciki." Wannan magana ce ta karya Irmiya. Ya tsuguna a gaban surukan nan da yake gudun su ga babur ɗinsa ya durƙusa, ya rufe fuskarsa da hula. Kashegari da sassafe ya tura babur zuwa rumfar Zakka ya ce, "Yanke." Zakka ya ɗauko zarto, ya yanke rodin.

Ma'anar wannan misali ita ce: hanyar dutsen nan zaman duniya ne, ba kuwa wanda zai gyara muku ita. Shoka ita ce zuciyar mai tawali'u, wadda takan sunkuya ta shanye duka, ta kuma miƙe. Rodi shi ne girmankai. Randa kuwa, su ne waɗanda Ubangiji ya ɗora muku: matanku, mazanku, 'ya'yanku, tsofaffinku.

Ba na ce ku zama marasa ƙashin baya ba. Zakka ma ya faɗa, wadda ta yi laushi da yawa ba ta da amfani. Akwai ranar tsayawa daram. Amma na gaji, Allah ya sani na gaji, da jin magidanci yana bugun ƙirji a ƙofar majami'a yana cewa, "Ni ban taɓa ba kowa haƙuri a gidana ba." To, sannu! An ɓata maka rai a kasuwa, ba ka shanye ba, ka kwaso ka sauke a kan matarka. Wata kuma a cikinku, an yi mata magana a bakin rijiya, ta dawo ta huce a kan 'ya'ya. Ku ce ba ku ji komai ba. Yaya za ku ji? Ba ku ne a saman taya ba.

Tsagewar ba ta fitowa ran farko. Mutanen gidanku suna nan cif a ido, suna gaishe ku, suna kawo muku tuwo. In kun koma gida yau, ku kira ɗaya daga cikinsu da sunansa, ku yi shiru ku saurari muryar da zai amsa da ita. In kun ji ba garau ba, kada ku tsaya neman laifin zabi. Ku durƙusa a gaban Ubangiji, ku roƙe shi ya yanke rodin tun yau. Babur ɗin Irmiya ya gyaru cikin ɗan lokaci, amma randar Tabita ba ta ƙara riƙe ruwa ba.