Dalilin da Ya Sa Mazari Ke Riƙe da Wuyan Matarsa

Dalilin da ya sa kuke ganin mazari biyu a liƙe suna shawagi bisa kududdufi, na gaba ya maƙale wuyan ta baya da wutsiya, shi zan gaya muku. Kai Tanimu, bar matse waɗanda ka kama, ka buɗe kunne.

A da ba haka suke ba. Miji yakan zuba wa matarsa iri a 'yar jakar da ke ƙarshen wutsiyarta, ta tafi ita kaɗai ta shuka a ruwa, 'ya'ya su fito. Akwai wani baƙin mazari, Duna, da matarsa Tabawa. Ba abin da Duna ke so a duniya kamar ya ga ɗa mai kama da shi kafin damina ta wuce, don mazari ba ya ganin damina biyu.

Ran nan Tabawa ta ɗauki iri ta nufi ruwa, Duna yana kan kara yana shan hantsi. A hanya ta gamu da Jatau, jan mazari mai zaƙin baki. Ya gaishe ta, ya tambayi maigida, ya ce ai ɗaurin jakar ya kwance, ta tsaya ya gyara mata. Ashe ɗan banzan da ludayi yake yawo. Ya kwashe irin Duna tas, ya zuba nasa.

Da 'ya'ya suka fito, ga su nan jajaye zur, ko ɗaya babu baƙi. Tabawa ta zauna tana kuka, ta rantse ba ta san yadda aka yi ba.

Da ni ne, wallahi da an ji mu har kasuwa. Amma Duna sai ya ce, "Share hawayenki. Ni na bar ki da kaya ke kaɗai, ina can ina shanya fiffike."

Irin da ya rage masa bai cika tafin hannu ba, ga ruwa ya fara janyewa. Ya zauna ya yi ta murza shi, har irin ya koma siriri dogo kamar zare, yadda ludayi ba zai kamo shi da sauƙi ba. Ya ce wannan karon tare za su je. Suka tashi kafaɗa da kafaɗa, fukafukai suka sarƙe, saura kaɗan su faɗa bakin kwaɗo.

"Maigida, shige gaba," in ji Tabawa. "Riƙe ni ta wuya da wutsiyarka, kada ka saki ko na ce wayyo."

Haka suka isa. Jatau ya yi ta kewaya su da ludayinsa, bai ga ƙofa ba. Tabawa na tsoma wutsiya a ruwa, Duna na riƙe, har ta shuke iri duka. Duna bai kai kaka ba, amma sai da ya ga ƙananan baƙaƙe sun rufe kududdufin.

Shi ya sa har yau mazari ba ya sakin wuyan matarsa sai ta gama shuka. To Tanimu, waɗannan na hannunka ba dambe suke ba, aiki ka katse musu. Buɗe hannu, kuma ka sake su tare.